Jarrabawar Ranar Asabar

Duk ranar Asabar da hantsi, 'ya'yan tsohon tela maza biyu sukan zo su yi wa ubansu jarrabawa. Su dai a wurinsu gaisuwa ce. Babban, wanda ake kira Manaja tun kafin ya zama manajan komai, shi ke fara shiga shagon da ke jikin gidan, ya rage tsawo, ya nuna ƙirjinsa da makullin mota.

"Baba, wane ne ni?"

Tsohon yakan ɗago daga kan keken ɗinki ya dube shi ta saman tabarau. Sai ya faɗi sunansa, da na matarsa, da na 'ya'yansa huɗu a jere, ya ƙara masa da labarin ranar da ya faɗa kwata yana ɗan shekara shida sanye da sabon wando. Daga nan sai ƙaninsa ya karɓa. Shi Likita ake ce masa, kodayake ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba, duk iliminsa a cikin waya ya same shi. Yakan ɗaga yatsu uku ya tambaya ko nawa ne. Baba ya ce uku, ya kuma ce masa ya je ya yanke farce.

Shi ke nan an ci jarrabawa. Su biyun sai su juyo su dubi ƙanwarsu da irin kallon da ake yi wa wanda ya kira 'yan kwana-kwana saboda hayaƙin ashana.

Auta ita ce ƙanwar. Ita kaɗai ke zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta daga safe zuwa ƙarfe ɗaya. Ba ta taɓa ce wa yayyenta Baba ya manta sunan kowa ba. Abin da take faɗa musu wata da watanni shi ne, Baba ya daina sanin abin da ke zuwa kafin wani. Amma wannan magana ba ta shiga kunnen wanda ke zuwa na minti ashirin, rabinsu kuma a tsaye.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta ga ranar da ya tashi haɗa shayi, ya jera kofi da cokali da sukari da ruwan zafi a gabansa, ya zauna yana dubansu ɗaya bayan ɗaya kamar baƙin da suka shigo tare bai san wanda zai fara gaisarwa ba. Da ya gaji, sai ya tsiyaya ruwan a cikin gwangwanin sukari. Ita ta ga ranar da ya saka tufafinsa tsaf, har da agogo, sannan ya ɗauki bokiti ya shiga wanka. In ta tambaye shi ko farar riga zai saka ko shuɗiya, sai ya tsaya tsakanin rigunan biyu har ƙafarsa ta gaji, a ƙarshe ya hau ta da faɗa wai ta cika tambaya. A hankali ta koyi daina tambayar. Takan jera masa kayan a kan gado, na ciki a sama, na waje a ƙasa, ta ba shi umarni ɗaya tak, sai ya gama ta ba shi na biyu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne shagon. Hannun Baba bai manta komai ba. In ya ɗora ƙafa a kan keke, layin ɗinkinsa yana nan miƙe kamar an ja da rula. Shugaban da ke ba hannun umarni ne ya tafi hutu bai bar wa kowa riƙo ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana gaya wa masu koyo cewa a auna sau biyu a yanka sau ɗaya, yanzu yakan yanka, sannan ya ɗauko tef ya auna abin da ya yanka, ya gyaɗa kai. Ya taɓa kafa aljihu a bayan riga daidai tsakanin kafaɗu. Ya taɓa yi wa wani mai gadi wando da ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya iya gwiwa, kowace da kalmasarta mai kyau.

Ban da Auta, babu wanda ya ga waɗannan kaya. Auta ta tashi a gindin keken nan, ta iya ɗinki tun kafin ta iya rubutu. Da ta dawo daga makaranta ta ba shi abinci ya kwanta barcin rana, sai ta lallaɓa shago da reza, ta farke abin da ya yi da safe, ta sake shi daidai, ta ninke ta ajiye inda ya bari. In yadin ya lalace sai ta zaga kasuwa neman irinsa. Masu kaya su zo su karɓa suna yabon tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma ya amsa da murmushi, ya ce aiki ai sai da natsuwa. Takan ji daɗin murmushin nan, ta kuma ji kamar ta yi kuka.

Wata Laraba ta nemi izini a makaranta ta kai shi asibiti, ta ce masa hawan jini za a duba. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ba ta tambaye shi sunan kowa ba. Takarda ta ba shi da biro ta ce ya zana mata fuskar agogo, ya sa ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Baba ya zana da'ira wadda ko injin ba zai fi shi ba. Sannan ya tara lambobin nan goma sha biyu duk a gefe guda, suka cunkushe kamar fasinjojin da ke gudun rana a cikin mota, ya rasa inda zai sa hannun agogon, ya ajiye biron ya ce ba shi da kyau.

Bayan an ƙara wasu gwaje-gwaje, likitar ta kira Auta gefe ta yi mata bayani. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu tsofaffi, kuma ba kullum yake farawa da mantuwar sunaye ba. Wani lokaci tsara abu yake fara ci, wato sanin farko da tsakiya da ƙarshe, da yanke shawara, da hango haɗari. Tsofaffin labarai za su daɗe, na jiya da shekaranjiya su ne za su riƙa zubewa. Ta ce a raba shi da almakashi da dutsen guga cikin dabara, kuma kada a ƙara barinsa shi kaɗai, ko na rabin yini.

Abin da Auta ta kai wa yayyenta ke nan ranar Asabar, ba ta kuma nemi abu mai yawa ba. Safiya biyar ce a mako take makaranta. A raba: ko dai su riƙa zuwa, ko su riƙa ɗaukarsa ya wuni a gidajensu har ta tashi.

Manaja ya karɓi takardar agogon, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi kansa da za a ba shi biro yanzu bai tabbata zai zana agogo ba, tunda kowa a waya yake duba lokaci. Likita ya ce ya karanta cewa babu abin da ke kashe tsoho kamar a hana shi sana'arsa, don haka raba Baba da almakashi kisan kai ne a fakaice. Suka haɗu a kan cewa likitocin yanzu ba su iya barin mutum ya fita ba tare da sun laƙa masa wani ciwo ba. Sannan Manaja ya leƙa shago.

"Baba, wane ne ni?"

Aka sake cin jarrabawa, har da labarin kwata.

Gaskiyar da babu mai son faɗa ita ce, muddin Baba lafiyarsa ƙalau, to Asabar ta ishe su. Ranar da suka yarda ba shi da lafiya, ranar Litinin da Talata za su shigo cikin maganar. Shi ya sa suka riƙe lafiyar tasa da hannu bibbiyu, har sun fi shi kansa riƙo.

Kwanaki suka ci gaba da lalacewa. Auta ta ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gadonta, Baba ya je maƙwabta ya aro wani, da gaisuwa da ladabi irin wanda ba a iya hana shi komai. Ya jona, ya kifa shi a kan siket ɗin wata ma'aikaciyar banki, ya tafi neman alli. Hayaƙi ne ya kira mai shagon kusa. Kafin ya iso Baba ya riga ya ɗaga dutsen, ta ƙasa, da tafin hannu. Aka kira Auta daga aji ta bar yara talatin suna rera ƙidaya su kaɗai.

Manaja ya zo da yamma ya duba hannun da aka naɗe, ya ce tsautsayi ne, ko shi makon jiya ya ƙone da murfin tukunya. Game da ɗaukar Baba kuwa, gidansa bene ne, matakala ashirin da biyu, ba zai so ya zama sanadin karayar ubansa ba. Likita ya ce nasa gidan ba bene ba ne amma yara sun yi yawa, hayaniya kuma tana rikita tsofaffi, ya karanta. Ya kawo wata kwalbar mai da ya ce ana ɗigawa a hanci, tana buɗe ƙwaƙwalwa cikin kwana bakwai. Baba ya zuba wa kekensa, keken kuwa ya yi laushi sosai.

Sau uku a wata guda aka kira ta daga aji. Na ƙarshe, an tsince shi a tashar mota da takalmi a hannu, ya fito sayen zare, ya san kalar, ya san shagon, amma ya rasa ko shiga mota ake fara yi ko sauka. Shugabar makarantar mace ce mai kirki, sai dai kirki ma yana da iyaka. Ta ce wa Auta daga Litinin ta sama, ko dai ta zauna a aji har a tashi, ko ta faɗa musu su nemi wata.

A makon ne Manaja ya shigo da leda a hammata. Ofishinsu zai ba shi lambar yabo ta shekara ashirin ranar Asabar mai zuwa, kuma ya riga ya gaya wa kowa cewa rigar da zai saka ubansa ne zai ɗinka, mai shekara saba'in da takwas, ba tare da mataimaki ba. Ya baje yadin a kan tebur, fari mai ɗaukar ido. Ya ce wannan shi zai rufe bakin masu cewa Baba ya gaza. Bai dubi Auta ba, amma ta san bakin da ake nufi.

Ta daɗe a tsaye a ƙofar shago bayan ya tafi. Sai a lokacin ta ga abin da rezarta ta yi. Duk rigar da ta gyara a ɓoye shaida ce ta ba yayyenta a kan kanta. Ta rufa wa Baba asiri har ta rufe shi daga taimako. Hanya ɗaya ta rage a yarda da ita, ita ce ta bari a ga aikinsa yadda yake, wanda ke nufin ta tsaya tana kallo uban da ya goya ta ya ji kunya a gaban 'ya'yansa. Ta ji tsanar yayyenta a ranar, ta ji tsanar kanta fiye da tasu. Ta ɗauki rezar ta jefa a kwandon shara.

Kwana huɗu Baba yana kan rigar, da hannu ɗaya a naɗe, yana 'yar waƙarsa. Kullum in ya kwanta barcin rana ƙafafunta sukan kai ta ƙofar shago da kansu, ta tsaya, ta koma. Ranar Juma'a ya ninke rigar ya sa a leda, ya ce mata ya daɗe bai yi aikin da ya gamsar da shi kamar wannan ba. Ta ce Allah ya ƙara lafiya, ta shige ɗaki da sauri.

Asabar ƙarfe tara Manaja ya iso, ya sha aski ya sha turare, taro ƙarfe goma sha ɗaya. Likita na biye da shi da waya a ɗage, zai ɗauki bidiyo don tarihi. Yau ko jarrabawa ba a yi ba. Manaja ya tuɓe ta jikinsa ya rage daga shi sai singileti da tumbi, ya zura hannuwa cikin sabuwar riga, ya cusa kai.

Kan bai fito ba. Ya laluba hagu, ya laluba dama. Baba ya haɗa kafaɗa da kafaɗa da ɗinki biyu masu ƙarfi tun daga wannan gefe har wancan, bai bar wa kai ƙofa ba. Aikin wuyan kuwa, da zare mai ruwan zinariya, yana can ƙasa a gefen cinya, ya yi kyau ƙwarai. Hannun dama kuma an kalmashe bakinsa an rufe, don haka Manaja ya tsaya a tsakiyar shago ba kai, hannu ɗaya a sama, yana juyi yana kiran a cire shi. Ya ture kwalin maɓallai, ya taka su, ya zauna daɓas a kan buhun ƙyallaye. Likita ya manta wayarsa na ɗauka. Mai shagon kusa ya leƙo, ya ga abin da ya gani, ya koma ya kira matarsa.

Da aka zare shi, fuskarsa ta jiƙe da gumi, idonsa ya rufe. Ya ɗaga rigar a gaban tsohon yana tambaya da ƙarfi ko wannan wane irin wulaƙanci ne, a ranar da ya fi kowace rana.

Baba ya karɓi rigar a natse. Ya shimfiɗa ta a kan tebur ya dube ta da idon maigidan shago, ya ce duk wanda ya yi wannan aika-aika bai cancanci ya riƙe allura ba, a kira masa shi. Babu wanda ya motsa. Ya juya ta ciki, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya bi layin ɗinkin da babban yatsa a hankali, tun daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Tela ba ya kasa gane ɗinkin hannunsa.

"Nawa ne," in ji shi.

Ya zauna a kan kujerar keke. Can ya ɗago ya dubi Auta, ya tambaye ta sauran kayan mutane da suka fita fa. Ta ce ta gyara su.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya, Baba."

"Ana ta yaba mini, ina ta amsawa."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Hawaye ne suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau, bai share ba. Ya tambayi mazan ko sun sani. Likita ya ce to, an dai yi maganar sama-sama. Manaja ya duba agogo. Baba ya ɗauki almakashinsa, wanda ya girmi duk 'ya'yan, ya sa a aljihun tebur, ya murza makulli, ya miƙa wa Auta.

Ta ɗauka an gama. Ta biya da abin da ya fi komai tsada a gidan, ta ɗauka ta sayi safiya biyar. Manaja ya ja ta zuwa tsakar gida, ya sassauta murya, ya ce lallai abin ya girgiza shi, dole a zauna a tattauna, amma ba yau ba. Sannan ya ce ashe dai ita ce gwanar, to ai abin ya zo da sauƙi. Ya miƙo mata rigar ya tambaya ko minti arba'in zai ishe ta ta fasa wuyan.

Ba ta karɓa ba. Ya tafi taronsa da rigar da ya zo da ita, aka ce ma jawabinsa ya yi daɗi, ya gode wa iyaye har muryarsa ta yi rawa.

Ranar Litinin Auta ta shirya tun ƙarfe shida da rabi. Ta yi wa Baba wanka ta shirya shi, ta sa magungunansa da tufafin canji a jaka, ta zaunar da shi a tsakar gida, ta tsaya bakin ƙofa tana duban titi ko ɗaya daga cikin yayyenta zai zo ya ɗauke shi. Bakwai da kwata saƙon Manaja ya shigo, taron gaggawa ya taso, amma zuciyarsa na tare da su. Bakwai da rabi Likita ya turo bidiyo mai taken abinci goma da ke dawo da tunani, da alamar hannu biyu na addu'a. Ƙarfe takwas ta ji ƙararrawar makaranta daga nesa, ko kuma kunnenta ne ya ji mata. Ta rufe ƙofa, ta cire takalmin aiki, ta zo ta zauna kusa da shi.

Baba ya riga ya manta rigar. Tun jiya ya tambayi inda almakashinsa yake sau biyu, ta ce an kai wasawa. Abin da ya faru ya zube, amma nauyinsa bai zube ba. Kwana biyu ke nan ba ya waƙa, ba ya cin abincin kirki, in mutum ya wuce ta ƙofar shago sai ya sunkuyar da kai.

"Auta," ya ce, "tun shekaranjiya nake jin kamar na yi wa wani laifi. Na yi ta nema na rasa ko wa. Ko ke ce?"

Ta riƙe hannun nasa mai ƙuna.

"Ba ka yi wa kowa laifi ba, Baba. Mu ne muke yi maka."

Ya juya maganar a ransa, kamar yadda yake juya yadi kafin ya san ta inda zai fara. Sannan ya gyaɗa kai, ya dafa bayan hannunta.

"To ai sai ku daina," in ji shi.